Jakar da ke Bayan Ƙofa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar da na koyar da darasin tsibirin Chagos ba za ta bar raina ba.

Umra ta kawo ni Jidda, na maƙale. Da yake malamar firamare ce ni a gida, sai na riƙa tara yaran unguwarmu a ɗakina a Nuzla, waɗanda rashin iƙama, wato takardar izinin zama, ya hana su makaranta. Duk a nan aka haife su, Hausar ma sai an haɗa musu da Larabci.

Ran nan na zana musu taswira, ɗan ɗigo a tsakiyar teku. Na ba su labarin mutanen wurin: jikokin bayi ne da Turawa suka kwaso daga Afirka don aikin kwakwa, har suka yi harshensu, da kiɗan gangarsu, da miyar kifinsu ta madarar kwakwa. Sai Ingila ta ba Amurka wurin don sansanin soja, aka loda su a jirgin ruwa, kowa da jakarsa ɗaya. Wasu a can inda aka zube su baƙin ciki ya kashe su.

Ni da iyayina, wai zan sa darasi ya shiga, na ce kowa ya faɗi abin da zai zuba idan aka ce masa jaka ɗaya. Wata yarinya mai shekara goma sha uku, wadda ta fi kowa kai, ta ɗaga hannu, ta kira ni Abla, yadda suke kiran malama.

"Abla, tamu a shirye take. Tana bayan ƙofa tun ina ƙarama."

Sauran suka gyaɗa kai. Ashe kowane gida da irinta, saboda ranar kame. Kunya ta kama ni, kuma maimakon in yi shiru, bakin nan nawa ya ƙara kwaɓa. Na ce ai ku da sauƙi, kuna da ƙasarku, ko an mayar da ku gida aka kai ku. Ta dube ni ta ce ita ba ta san wani gida ba bayan lungun nan, nan ne ma kabarin babanta yake. Na ce yalla, maza a buɗe littafi. Wallahi har yau ina jin haushin kaina.

Ba a yi wata biyu ba aka yi kame a kasuwar Bab Makka, inda yarinyar take taya mahaifiyarta sayar da gyale. Daga can aka wuce da su gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar. Ko lungun ba su sake gani ba. Jakar tana nan bayan ƙofa, ni na ɗauko ta na ba wata mai tafiya ta kai musu.

Bayan an sauke su a Kano ta turo mini saƙon murya. Ta ce ana yi mata dariyar Hausarta, ana kiranta Balarabiya, ko fita ba ta yi. Sannan ta tambaye ni da Larabci:

"Abla, mutanen tsibirin nan, sun koma?"

Na so in ce mata e. Kwana uku ina riƙe da wayar, sannan na gaya mata gaskiya, har lokacin ba su koma ba. Ta saurara, ba ta sake turo komai ba.

Tun daga nan na koyi cewa kafin in ba yaro labarin masifar wasu, sai na fara sanin abin da ke ajiye a bayan ƙofar gidansu.