Telan da Ya Tafi a Madadina

A majami'armu ta Dogon Dutsi muna da wata al'ada. Duk shekara bayan Kirsimeti, dattawa kan zaɓi mutum ɗaya ya je ya zauna da 'yan'uwanmu na wani ƙauye can bayan Sukukutane, har faɗuwar ruwa. Gidajen Kirista a wurin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba su da fasto. Wanda aka aika shi zai bi da sujada ranar Lahadi, ya koya wa manya karatu da la'asar, ya ci abin da suka ci.

A shekarar da nake faɗa, ni abin ya faɗo wa. Ban daɗe da gama makarantar tauhidi ba, ina ta ɗokin a ga abin da na koyo. Sai dai matata tana da ciki, cikin kuma bai zo mata da sauƙi ba. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, unguwarzoma ta ce kada ta yi nisa da likita. Ban ce wa dattawa ba zan je ba. Na dai zauna a taron na sunkuyar da kai, kowa kuwa ya san halin da gidana yake ciki.

Akwai wani tela a cikinmu, shi ke ba da waƙa ranar Lahadi. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Karatunsa da yatsa yake bi, baƙi bayan baƙi, amma in ya ɗaga murya har maƙwabta Musulmi sukan ce sun san an fara sujada. Shi ya gyara zama ya ce, “Malam, zamna wurin iyalinka. Ni in tahi. Keken ɗunki ba ya jin yunwa, ya jira ni.”

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka tashi. Na ji kamar an sauke mini buhu daga kai. Na raka shi tasha, na riƙe masa jaka har ya hau bayan babur.

Da zafi ya kankama, sanƙarau ya shiga ƙauyukan wajen. Dattawa suka aika masa ya dawo. Ya aiko cewa zai dawo in abin ya lafa. Daga baya muka ji yadda ya yi. Akwai amalanken jaki guda a gidan da ya sauka, shi ya mai da shi motar marasa lafiya. Duk gidan da wuyan wani ya sanƙare, ba ya tambaya ko na masallaci ne ko na bori, sai ya shimfiɗa tabarma ya ɗora shi, ya bi yashin nan har ɗakin shan magani. Waɗanda suka mutu a hanya ya komo da su. Inda maza suka ji tsoron taɓa gawa, ya taɓa.

Matata ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna muna tsakar gida ana rabon goro, sai ga maƙwabcin telan, wani saurayi ɗan kasuwa mai gemu da ɗagaggen wando, wanda ba ya ko gaisawa da mu sosai. Ya ja ni gefe ya ce an yi masa waya, telan ya kwanta, ba ya gane mutane. Ya ce motarsa tana waje, in akwai mai bin sa. Da rigar suna a jikina na shiga.

Mun same shi a kwance ƙarƙashin rumfar kara, kansa ya lanƙwashe baya, leɓɓansa sun tsage. Wata tsohuwa tana yi masa fifita. Muka kwantar da shi a bayan motar, na ɗora kansa a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi nishi, ɗan kasuwar ya ce, “Sannu, Baba,” ya ƙara rage gudu.

Ya rayu. Da zazzaɓin ya sauka ya buɗe ido, matarsa ta kira shi, bai waiga ba. Ta sake kira. Aka tafa hannu daf da kunnensa, ko ƙiftawa bai yi ba. Lokotoro, wato likitan da ke duba shi, ya ce ciwon yakan yi haka, kuma jin ba ya dawowa.

A barandar gidan likita matarsa ta tsaya kusa da ni, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ina mai jego? Ina jinjiri?” Na ce lafiya lau. Ta ce, “To, madalla. An gode Allah.” Ta koma ciki. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Babu wanda ya taɓa ce mini laifina ne. Na sha lissafa abin a raina: ban roƙe shi ba, ban tura shi ba, shi ya ƙi dawowa da aka kira shi. Duk gaskiya ne, amma ba ya hana ni tuna telan duk sa'ad da ɗana ya yi kuka na ji shi da kunnena.

Ya koma ɗinki. Ranar Lahadi yana zama a bencin gaba yana kallon bakin mai wa'azi. In an tashi waƙa yakan miƙe, ya dafa benci don ya ji bugun ganga a tafin hannunsa. Sau ɗaya ya gwada rerawa, muryar ta fita wani iri, yara suka kama dariya. Bai sake ba.

Da shekara ta kewayo, ranar Jumma'ar da muke tuna mutuwar Almasihu, aka ba ni wa'azi. Karatun ranar shi ne inda annabi ya yi maganar bawan Allah da zai zo, wanda mutane za su raina, ya ɗauki cututtukan wasu a jikinsa, a hukunta shi don wasu su sami lafiya, shi kuwa ya yi shiru. Na yi shiri mai kyau. Amma da na ɗaga kai na ga telan yana bin leɓɓana da ido, sai na bar abin da na shirya. Na ce ga misali nan zaune a gabanmu. Na ba da labarin amalanke, na ce a madadina ya tafi, abin da ya same shi ni ya kamata ya sama. Na yi kuka, mata suka yi kuka, kowa ya juyo yana kallonsa. Shi kuwa yana ta waige-waige, bai san me ake kallo ba.

Kashegari ya zo gidana. Matarsa ta fahimtar da shi abin da na faɗa. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba. Tun da ya kurmance muryarsa takan fita da ƙarfi ba ya sani, har matata ta leƙo.

“Malam, don mi ka sa ni cikin karatun ga?”

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

“Wancan da annabi ya hwaɗi ya san abin da zai same shi, ya tahi. Ni ban sani ba. Ca nike in yi 'yan watanni in komo in ɗunka kayan biki. Da an ce mini kunne zan bari can, ban san ko zan tahi ba. Ina jin ba ni zuwa. Kuma ni ban yi shiru ba. Tambayi matata irin maganar da nike yi wa Allah.”

Na sa bakina daidai idonsa, na ce a hankali, “Yaya, ka yafe mini.”

Ya gane. Ya ce, “In yahe maka mi? Ba ni ɗaukar wa kowa zunubi, ko nawa ban iya ba. In abu na damunka, ka kai wa mai ɗauka. Jiya shi ya kamata su kalla, ka sa suna kallona.”

Ya nemi a kawo masa yaron. Ya ɗaga shi, ya kara tafin hannunsa a ƙirjinsa, yaron yana gwaranci. Ya daɗe haka, sannan ya miƙa wa uwarsa ya tafi.

Na yi addu'ar da ya ce in yi, ba sau ɗaya ba. Na gaskata an ji ni. Amma na ci gaba da kai masa yadi ko ba na bukatar riga, har ranar da ya mayar mini da wani, ya ce akwatina ai ya cika.

Bayan 'yan shekaru aka sake zaɓena in je ƙauyen, na tafi. Na zauna har damina, ko mura ban yi ba. Masu zuwa karatun da nake koyarwa ba sa cika tabarma biyu, amma kusan kullum sai wani ya tare ni a hanya ya tambayi mai amalanke. Wani ya nuna mini 'yarsa, budurwa, ya ce ita ma a amalanken aka ɗauke ta. Ranar da zan dawo, tsohuwar nan mai fifita ta kawo ƙwan zabi a ƙwarya, ta zuba ƙaiƙayi don kada su fashe, ta ce in kai masa.

Na riƙe ƙwaryar a cinya har Dogon Dutsi. Na tarar da shi a shago ya ba ƙofa baya, yana taka keke. Na yi sallama don sabo. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira ya kai ƙarshen ɗinkin, don in an taɓa shi ba zato yakan firgita.