Masu Cin Bulus

Larabar nan ba ta taɓa barin raina ba, kuma duk wanda yake falon ina iya lissafo shi. Akwai mai gidan, Mista Lemuel, wanda nake kira Baba Lamu don harshena ya ƙi sunan. Akwai Dinis, 'yar ƙanensa, ita ke sa hannu a madadinsa a kan komai. Akwai Gireg, shugaban masu ɗaukar fim, da mai riƙe masa kamara. Akwai wani Bature dattijo daga Ingila, babban makaɗi aka ce, gashi har kafaɗa. Ni Mai Gashi nake ce masa, haka kuma zai zauna a labarin nan. Sai ni Talatu, mai jinya. Ban yi boko ba. 'Yata Bilkisu ce ke rubuta wannan don ku da kuka shigo aikin a bayanmu, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Ga wadda ba ta san aikin ba tukuna: ejansi ce ke ɗaukarki ta tura ki gidan mara lafiya, shi muke kira kes. A samanki akwai kodineta, wadda ba kya ganinta sai dai muryarta a waya, sai nas mai leƙowa jefi-jefi. Naki shi ne wanka, abinci, tuna masa magani, juya shi kada gado ya ci masa jiki, da kai shi banɗaki. Dokar da suka fi nanata mana a wurin horo ita ce gidan ba naki ba ne, baƙin gidan ba naki ba ne. Na bi dokar nan shekara da shekaru, ba a taɓa kai ƙarata ba.

Kes ɗin Baba Lamu a unguwar Harlem yake, nan Amurka. Daga Park Hill nake fitowa, bas zuwa bakin ruwa, jirgin ruwa, sannan jirgin ƙasa har 125th Street. Ranar da na fara, Dinis ta nuna mini hotuna a bango ta ce kawun nata sarkin bulus ne. Sai da na danne dariya. A wurinmu ai bulus shi ne abin da ka samu a banza, ba gumi ba godiya. Ashe sunan kiɗansu ne, kiɗan baƙaƙen ƙasar nan na can kudu. Daga baya na gane kunnena bai yi kuskure sosai ba.

Ni ba 'yar gidan makaɗa ba ce, ban kuma zo Amurka jin kiɗa ba, amma kunne ba shi da murfi. Kullum bayan wanka sai ya nuna mini fayafayensa da haɓa, irin manyan baƙaƙen nan na dā, in ɗora masa ɗaya. Dinis ta ce yana cikin na farkon da suka haɗa jita da wutar lantarki suka sa ta kuka kamar mace a gidan rasuwa. Fayafayen suka ƙetare teku, samarin Turawa suka zauna suna ta juya su har suka haddace, suka ƙara ƙara, suka sa masa suna rok, suka cika filayen wasa da shi. Akwai mabuɗin wani kiɗa nasa, ɗan gajere ne, wanda ko ni na san shi tun kafin in san mai shi. A kanti a Tompkinsville na sha jin sa, a tallar mota na sha jin sa. A garinmu makaɗi ba ya fara kiɗa sai ya ambaci wanda ya koya masa. Waɗannan suka ɗauka suka shafe baki.

Lokacin da na same shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Kalma uku suka rage masa: "Mama", wato ni, da "no", da wani zagi da ba zan sa Bilkisu ta rubuta ba. Yakan so abu ya kasa faɗa, ya yi ta dukan kujera. To ni kusa da mahauta na tashi, na san kalangu yana kiran mutum da sunansa. Wata rana na kwantar masa da jitar a cinya, na jona ta, na ce, "Baba, baki ya ƙi, hannun hagu bai ƙi ba. Yi mini magana da wannan." A haka muka shirya. In ƙishirwa ce, ya taɓa siririyar tsirkiya. In bayansa ya gaji, ya ja yatsa ƙasa ta yi kuka. Banɗaki kuwa, shi da kansa ya zaɓa: mabuɗin nan da duniya ta kwashe. Ranar da na gane abin da ya zaɓa, ya yi dariya da rabin bakinsa har da hawaye. Kuma in ya buga shi, ba jira. Mai irin ciwonsa ba ya iya riƙewa.

To, Larabar. Masu fim suka zo da hantsi, za su yi fim a kan yadda kiɗansa ya haifi na wasu. Na yi masa wanka, na sa masa kwat ɗinsa mai ruwan toka da hularsa. Kafin su kunna fitila na tsayar da Gireg a gaban Dinis. Turancina na kasuwa ne, amma yana isar da saƙo. Na rera masa mabuɗin da bakina, na ce, "In ka ji wannan, ba kiɗa ba ne. Banɗaki yake nema. Ka tsaya ka kira ni."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, abin sha'awa! Kada ki damu, Mama."

Na ce, "Ni ba mamarka ba ce. Ka dai ji?"

Ya ce ya ji. Dinis ma ta ce ai ta sani. Ku riƙe wannan: sun sani. Ba jahilci ba ne.

Sai aka ce in koma kicin, wai inuwata na shiga hoto. Na koma, na bar ƙofa a buɗe kaɗan. Mai Gashi ya iso daga baya, bai ji gargaɗina ba. Ya durƙusa a gaban Baba Lamu, ya kama hannunsa mai rai, yana cewa tun yana yaro yake kwana da faifansa, duk abin da ya zama daga nan ya samo. Na ce a raina, to madalla, bayan furfura an tuna hanyar gida. Ya ɗauko tasa jitar, suka fara taɓawa a hankali.

Can sai na ji shi. Mabuɗin.

Na ajiye cokali na fito. Gireg ya tare ni a bakin falo, yatsa a leɓe, idonsa na ƙyalli kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya raɗa mini, "Yanzun nan, yanzun nan." Na dubi Dinis. Ta kawar da kai. Mai Gashi kuwa da ya ji abin da ya haddace tun yarinta, sai ya rufe ido ya amsa da tasa jitar. Baba ya sake bugawa da ƙarfi. Shi ma ya amsa da ƙarfi. Baba ya buga, ya buga, gumi na zubo masa ta ƙarƙashin hula, yana waige-waige yana nemana, fitila ta kashe masa ido. Ya ce, "Mama." Gireg ya yi wa mai kamara alama ya matso kusa da fuskar. Suna ganin shauƙi ne ya motsa. Mutum yana roƙon a rufa masa asiri, su suna cin bulus.

Na ture hannun Gireg, amma na makara. Jitar ta yi shiru. Na ga wandon kwat ɗin ya sauya launi, na ga ya sunkuyar da kai.

Abin da na yi, a jere zan faɗa, don haka na faɗa wa ejansi. Na cire mayafina na rufa masa daga ƙugu zuwa ƙafa. Na zare wayar jitar daga bango. Sai na tsaya, don na hango abu biyu. In na shiga da shi banɗaki, za su naɗe kayansu su fice da hoton. In na tsaya rigima, zai zauna cikin jiƙa a gaban baƙi. Ƙofar gidan irin ta dā ce, da makulli ake rufe ta ta ciki. Na je na murɗa, na zare makullin, na ƙulle shi a bakin zanena. Sannan na tura kujerarsa mai taya zuwa banɗaki.

Ban yi sauri ba. Na wanke shi da ruwan ɗumi, na shafa masa mai, na sauya masa kaya, na gyara masa hula. Bai dube ni ba. Na ce, "Baba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan aikina ne, ba abin kunyarka ba. Masu kunya suna falo." Da Hausa na faɗa. Ya matse mini hannu.

Da muka fito Dinis ta miƙo mini waya, kodineta ce.

"Talatu, me nake ji? Kin kulle mutane a gida?"

Na ce, "Na kulle."

"Ki buɗe yanzu. Kin san wannan maganar 'yan sanda ce? Kin san kes ɗin nan ya fita hannunki?"

Na ce, "Na sani. Su goge abin da suka ɗauka, in buɗe."

Gireg ya shiga rantse-rantse, wai daga ƙirji zuwa sama kawai aka ɗauka, ba wanda zai gane. Wai wannan wurin shi ne ran fim ɗin gaba ɗaya, duniya za ta ga yadda kiɗa ke raye a jikin tsoho. Na ce, "Fuskar ce ai ba na so a gani. Kai ka san me take cewa."

Mai Gashi ya tambaya me ke faruwa. Ni na amsa masa. Na gaya masa abin da mabuɗin yake nufi a gidan nan. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Ya ce wallahi bai sani ba, shi da ya shekara hamsin yana sauraron mutumin nan.

Na ce, "Faifai ka saurara. Yau da mai shi yake gabanka, ido ka rufe."

Ana cikin haka Baba Lamu ya daki hannun kujera, ya nuna bango da haɓa. Na mayar da wayar jitar a bango, na ɗora masa ita. Ya dubi Gireg ido cikin ido, ya buga mabuɗin a hankali, tsirkiya bayan tsirkiya, tsaf, yadda yake a faifai. Na sunkuya na ce, "Baba, banɗakin kuma?" Ya ce, "No." Ya ɗaga yatsa ya nuna kamara. Wato banɗaki ne wurin abin da ke cikinta.

Dinis ce ta fara ganewa. Ta toshe baki, ban san dariya ce ko kuka ba. Sannan ta ce wa Gireg ta janye izininta, a goge, in ba haka ba ko fuskar kawunta ba zai sa a fim ɗinsa ba. Ya yi ta huci, amma mai kamara ya riga ya fara danne-danne. Ba na karatu, don haka ban yarda da rubutun da ya nuna mini ba. Na sa ya nemo mini wurin ya kunna. Ya nema, babu. Sannan na kwance bakin zanena. Mai Gashi ya miƙo mini hannu zai fita, na bar shi da hannunsa.

Da la'asar kodineta ta sake kira. An cire ni daga kes, an dakatar da ni sai an zauna a kaina, gobe wata za ta zo. Ban roƙe ta ba. Laifin da ta faɗa na yi shi, kuma ba na ce wa ɗayarku ta kulle ƙofar kowa. Amma har yau in na tuna raina tafasa yake, don wanda ya kulle ƙofa an hukunta shi, waɗanda suka tsaya kallon tsoho yana roƙo sun tafi cin abincin rana.

Abin da na koya ke nan a aikin nan. Mara lafiya yana da masoya da yawa, amma galibinsu abin da ya kasance dā suke so. Ke kaɗai aka ɗauka don wanda yake kan kujerar yau. In baƙi suka cika ɗaki, kada ki yarda a kai ki inda idonki ba ya kan fuskarsa. Ko sarki ne ya zo, ki ce inuwarki ma ma'aikaciya ce.

Washegari na yi asuba, na ɗauki bas, na hau jirgin ruwa kamar kullum. Ba ni da izinin shiga gidan, sai na tsaya a bakin bene cikin sanyi. Can ga wata ta taho da jaka da farin takalmin aiki, tana duba lambar gida. Na yi mata sallama, ta amsa da Hausar Zongo, Ayishetu sunanta, 'yar Kumasi.

Ta ce, "Hajiya, ke ce aka ce kin kulle Turawa?"

Na ce, "Ni ce. Ajiye jakar, buɗe kunnenki."

Nan a kan titi, mutane na wucewa suna kallonmu, na rera mata na ruwa, na rera mata na gajiyar baya, na rera mata mabuɗin. Na sa ta maimaita har ya zauna mata. Ta ce, "Af, ai na san wannan, a talla ake sa shi."

Na ce, "A talla bulus ne. A gidan nan in kin ji shi, ko salla za ki tayar, ki fara zuwa."

Ta hau. Ban tafi ba sai da na jiyo siririyar tsirkiya ta tagar sama, na kuma ji an buɗe famfo.