Na Kai Motar Alhaji Argungu Saboda Sunan Malam Garba

Ɗana Nasiru ya kori Malam Garba ta waya, daga Abuja, bai ko tambaye ni ba. Shekara ashirin da biyu mutumin nan yana tuƙa mahaifinsa, shi ke ɗauko Nasirun daga makaranta yana zubar da majina, rana ɗaya don mota ta yi ƙara sai a ce ya kawo makulli. Wannan ne ya fitar da ni daga gida.

Motar da maigidana marigayi Alhaji ya bari irin mai kwamfreso ce, wato wani abu a kan injin da ke dura masa iska don ya ƙara ƙarfi. Mako uku ke nan ta soma wani kuka, kar-kar-kar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Makanikan garejin unguwarmu suka yi ta taka totur har maƙwabta suka leƙo, sannan makanikan suka ce kwamfreson ne ya mutu. Babbansu ya ƙara da cewa da gani an cire na asali an sayar. Maganar ta kai kunnen Nasiru kafin ta iso nawa. Malam Garba ya ajiye makulli ya tafi. Ni kuwa na ce ba za a kira mutum ɓarawo a ƙofar gidana a kan "da gani" ba. Rakiya, wadda muka yi ajin yaƙi da jahilci tare, ta ba ni labarin wani Manu a Argungu, wanda ya daɗe yana gyaran irin motocin nan a Kwatano kafin ya dawo gida ya kama gyaran injinan ban ruwa. Na aika wa Malam Garba ya zo da asuba.

Birnin Kebbi zuwa Ambursa

Mun tashi ƙarfe shida saura kwata. Na zauna gaba, abin da ban taɓa yi ba, da littafi da biro a cinyata, don na ce duk inda ta yi kukan sai na rubuta. Muka wuce Gwadangaji tana tafiya lafiya lau, har na fara jin kunya, kamar wadda ta kai yaro asibiti ya tashi yana wasa.

Shida da minti goma muka iso shingen 'yan sanda kusa da Ambursa. Malam Garba yana ɗage ƙafa daga totur sai ga kukan. Ɗan sandan ya sunkuyo ya gaishe ni, ya tambaya ko keken ɗinki na ɗauko a but. Na ce ya buɗe ya gani, in akwai ya ɗinke bakinsa da shi. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Da Malam Garba ya sake taka totur, kukan ya ɓace ɗif. Na rubuta wannan ma.

Ambursa garinsu ne, amma da muka zo daidai layin gidansa sai ya kawar da kai. Na tambaye shi iyali. Ya ce ba su san an sallame shi ba. Kwana huɗu ke nan yana hawa babur da safe kamar kullum, ya yini a rumfar mai shayi a Birni, ya koma da magariba. Na miƙa masa ƙosan da na ƙunso, ya ce ya ƙoshi.

Ambursa zuwa Argungu

Tsakanin Birni da Argungu kusan kilomita hamsin ne, mun kuwa bi a hankali. Fadama ta yi kore shar da shinkafar rani, injinan ban ruwa na ta ɓuɓɓuga. Sau shida muka rage gudu, saboda rami, ko shanu, ko amalanken albasa, sau shidan nan kuwa ta yi kukan. Bakwai da kwata muka shiga Argungu. Wani mai babur ya ja mu har rumfar Manu a hanyar gulbi.

Rumfar Manu

Dattijo ne siriri, ido ɗaya ya yi fari, ga injinan manoma jere a gabansa suna jiran layi. Malam Garba zai kashe mota, Manu ya ce a bar ta tana ci. Bai taɓa komai ba sai da ya tambayi yaushe take kukan. Na karanta masa abin da na rubuta: da sanyi ba ta yi, sai ta yi zafi, kuma sai an ɗage ƙafa. Ya ce to ba kwamfreso ba ne, don da shi ne, in aka taka totur ne zai fi ihu. Masu taka ta a gareji su ne ke rufe mata baki ba su sani ba.

Ya yanko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana bin jikin injin da shi kamar likita. Ya tsaya a gefen kwamfreson, kan wani ɗan gwangwani baƙi mai hannun ƙarfe. Ya danne hannun da yatsa, kukan ya tsaya. Ya saki, ya dawo. Ya ce min wannan bawul ne, ƙofa ce da ke buɗewa iska ta kewaya in mota ba ta bukatar ƙarfi, ta rufe in an taka. Zuƙar injin ke riƙe ta a buɗe ta wani siririn tiyo. In zuƙar ta yi rauni, ƙofar ba ta buɗe ba, ba ta rufe ba, sai ta yi ta kaɗawa.

Ya sa aka kashe mota, ya zare tiyon, ya tura hannun ƙarfen, ya toshe bakin gwangwanin da babban yatsa. Hannun ya tsaya cak. Ya ce robar ciki lafiya take, kwamfreson ma na asali ne, kusoshinsa ba a taɓa kwance su ba. Sannan ya ɗaga tiyon a rana. Ya yi laushi ya manne kamar dafaffiyar taliya.

"Wanga ai tiyon man injin ban ruwa na," in ji shi. "In ya ji zahi shaƙewa yakai. Wa yas sa mata shi?"

Na juya na dubi Malam Garba. Ya tsuguna a ƙasa, ya cire hula. Ya ce kowace safiya yana goge injin da tsumma yadda Alhaji ya koya masa, ranar nan tsohon tiyon ya ɓare a hannunsa. Ya je gonar ƙanensa a Ambursa ya yanko na inji, don a fadama tiyo tiyo ne, wanda ya shiga shi ke nan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Garba, ka gwammace a ce maka ɓarawo da ka ce hannunka ya yi kuskure?"

Ya ce, "Hajiya, motar Alhaji ta. Ban taɓa ɓata mai komi ba yana da rai, ƙaƙa zan ce na ɓata bayanai?"

Na duƙar da kai kan littafina kamar ina neman wani abu. Manu ya yi kamar bai ji ba, ya shiga tonon akwatinsa.

Dawowa

Ya samo baƙin tiyo mai kauri, bai kai tsawon hannuna ba, ya sa. Ya ce mu zaga hanyar Gulma, motar ta yi zafi sosai mu dawo. Muka je muka dawo, shiru. A bukkar wata mata kusa da tasha muka ci tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, wannan karon Malam Garba ya ci har ya ƙara. Mun baro Argungu ƙarfe biyu bayan azahar, uku da minti biyar muna ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, Allah ya saka wa Manu da Rakiya da alheri.

Na kira Nasiru na gaya masa komai, har tiyon, ban rage ba. Ya ce ai kin gani, Inna, ya taɓa injin. Na ce ya taɓa, kuma bai sata ba, kuma shi ne direban gidan nan sai ranar da ni na sallame shi.

Washegari ƙarfe takwas na sa Malam Garba ya tuƙa ni garejin unguwa. Na ce ya buɗe gaban motar ya bar ta tana ci. Na fito da tsohon tiyon daga jakata, na ce a kira min babbansu, a kira duk wanda ke nan ranar da ya yi maganar.