Kanwa a Tekun Maƙwabci

Malamai sun cika littattafai da bayanin amana, ta dukiya da ta marayu har da ta sirri, amma ban taɓa ganin wanda ya ware babi ga wadda ta fi su nauyi ba, wato amanar teku. Ni an taɓa ba ni ajiyar teku, a Gyaɗi-Gyaɗi, a falon maƙwabcina, tsakanin talabijin da firji.

Maƙwabcin nawa mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati, mun daɗe katanga ɗaya. Mutane na kiwon kaji, shi murjani yake kiwo. A sanina murjani abin wuyan mata ne, sai a gidansa na ga ashe halitta ce mai rai, tana zaune cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, tana buɗewa idan ta ji daɗi, tana tsukewa idan ranta ya ɓaci. Da zai kai iyalinsa gida Kirsimeti, ya kira ni da maiɗakina Hajiya, ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ni da na yi ritaya daga koyarwa.

Ya ce murjani yana gina ƙashinsa ne da wani sinadari da yake zuƙa daga ruwan, kullum yana raguwa, kullum sai an mayar. Sunansa alkaliniti. Kafin a zuba sai an auna: a ɗebi ruwan a ƴar kwalba, a riƙa ɗiga magani har shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, yawan ɗigon shi ne awon. Sannan a zuƙi sinadarin da sirinji, a sake shi a hankali a bakin famfon lantarkin da ke juya ruwan akwatin, inda ruwa ke gudu.

"Malam, ko ka ga ya yi ƙasa, kada ka cike giɓin rana ɗaya," in ji shi. "Ƙaranci bai kai gaggawa kisa ba."

Hajiya ta ɗaga kwalbar sinadarin ta leƙa. "Wai shi wannan mene ne?"

"Kusan dangin kanwa ne, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ya kamata a ce ta tsorata ni tun a ranar.

Suna can aka yi musu rasuwa, surukarsa, sai zaman ya yi tsawo. Sinadari ya kusa ƙarewa. Na zaga shagunan Tarauni har Darmanawa, wani ma ya ɗauka maganin olsa nake nema. Na buga waya, maƙwabci ya ce in rage abin da nake zubawa, su ɗan ji yunwa har ya dawo. Awo ya fara sauka, gabana yana binsa. Abin da ke riƙe ni kawai wani babban jan murjani ne a kusurwar baya, mai rassa kamar ƙahon barewa. Sauran sukan yi fushi su tsuke, shi kuwa ko gezau. Kullum shi nake fara gaisarwa.

Wata rana bayan La'asar na dawo daga masallaci, na tarar da ƙofar maƙwabci a buɗe. Hajiya takan shiga ta share musu falo. Na same ta tsaye da ludayi a hannu, tekun kuma ya koma fari fat kamar kunun gyaɗa. Ba kifi, ba dutse, ba murjani, sai farin hadari yana juyawa a bayan gilashi.

"Innalillahi! Hajiya, me kika zuba?"

"Jar kanwa ce fa, mai kyau, tun safe na jiƙa ta. Kai kana ta ɗiga musu abu kamar maganin ido. Mutum ya bar mana baƙi, a ce da yunwa suka kwana a hannunmu?"

"Ludayi nawa?"

"Malam, ni ina auna kanwa ne? Ido ke aunawa."

Na taɓa tsayawa gaban sufeto ba tare da na shirya darasi ba, ban ji abin da na ji ranar ba. Shekaru mutumin nan ya yi yana renon abubuwan nan tun suna kamar kan yatsa, ga shi yana zaman makoki, ni kuma zan kira shi in ƙara masa wani. Na danna wayar.

Na faɗa masa abin da ya faru. Sannan ya ce kanwar ta yi wa ruwan yawa lokaci guda, shi ya sa ƙasar allin da ke narke a ciki ta fito fili. Kada in zuba komai don gyara. In kwashe kaɗan daga ruwan, in mayar da na jarkar da ya haɗa ya ajiye a kicin, in juya famfo ya riƙa kaɗa saman ruwa, in buɗe taga. Awo ma kada in yi sai ya washe, don ƙarya zai yi mini.

"Sai kuma me?"

"Sai jira, Malam."

Muka jira. Da ruwan ya fara washewa, abin da ya fara bayyana shi ne jan nan na kusurwa, tsaye ƙyam, launinsa bai ko dusashe ba. Hajiya ta yi hamdala har da hawaye. Sauran duk sun tsuke kamar an mare su. A hankali suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ban da wani kore mai siraran rassa, wanda ya fara fari daga gindi yana hawa sama.

Ranar da maƙwabci ya dawo, ko jaka bai ajiye ba ya durƙusa gaban gilashin. Ya daɗe yana kallon koren. Ya ɗauko almakashi ya yanke ɗan kan da ya rage da rai, ya manna shi a dutse, ya ce wataƙila ya tashi. Hajiya ta ba shi haƙuri, ya ce a gidansu ma wa ya taɓa auna kanwa.

Na ga ya kamata in miƙa rahoto mai daɗi ko da guda ɗaya ne. Na nuna masa jan kusurwa, na ce wannan dai jarumi ne, yunwa da kanwa duk sun bi ta kansa bai motsa ba, kuma shi ya riƙe mu.

Ashe na roba ne. Ya sa shi a wurin don ya rufe wayar famfo.