Butar Baba Issifu da Ruwan Kete

Duk wanda ya taɓa rakiyar gawa daga unguwar Maamobi ko Nima a Accra ya san Baba Issifu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai ɗan ranƙwafawa da ke tafe can ƙarshen jama'a, riƙe da baƙar butar ƙarfe. Ba ya haƙa kabari, ba ya jan salla, ba ya wa'azi. Sai an gama mayar da ƙasa mutane su dare masa, ya zo ya yayyafa ruwa daga kai zuwa ƙafa, a hankali, don ƙasar ta kwanta. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ke biyansa. An dai wayi gari an saba, har ta kai in aka binne mutum bai zo ba, dangin mamacin sukan ji kamar an rage musu wani abu.

Sana'arsa gishiri. Yana da ɗan tebur a kasuwar Nima, inda yake auna gishirin Ada mai tsakuwa da gwangwanin awo da ake kira olonka, ya tula shi har yana zuba. Kusa da shi Ziblim ne mai albasa, mutumin Yendi, abokin faɗansa na shekara da shekaru. Faɗan nasu kuwa a kan abu ɗaya ne kullum, wato Kete.

Baba Issifu ba ya iya auna gishiri bai ambaci Kete ba. Can aka haife shi, a tsohon garin Kete Krachi da ke bakin kogin Volta. In ya fara, sai mai saye ya nemi wurin jingina. Yakan ce gari biyu ne a haɗe: Krachi na 'yan ƙasa, Kete kuma zangon fatake, wanda ya cika ya batse lokacin da yaƙin basasa ya watsa Salaga mutane suka kwararo kudu. Abin da ya kafa garin, in ji shi, duwatsu ne. Daidai nan suka tare kogi, ruwa na tsalle a kansu, jirgin da ya taso daga Ada ta bakin teku da lodin gishiri dole ya tsaya a sauke masa kaya. Inda aka sauke kaya kuwa, nan kasuwa take ci. Goro ya zo daga ƙasar Asante, shanu da man kaɗanya da saƙi su gangaro daga arewa, busasshen kifi daga ko'ina. Jamusawa sun zauna sun yi gini a kan tudu, Ingilishi suka karɓe daga hannunsu, gishiri bai fasa zuwa ba. Mahaifinsa mai masaukin baƙi ne, a zaurensu mutum kan ji Hausa da Yarbanci da Dagbani da harshen masu jirgi duk a zama ɗaya.

Abin da ya fi so ya faɗa shi ne halin mutanen garin. Wai mutumin bakin kogi ba ya gaggawa, don ya san jirgi sai ruwa ya yarda yake zuwa. Ba ya kuma tambayar baƙo daga ina kake sai ya ci ya sha. Daga nan sai ya nuna babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, da ledoji da robobi suna iyo a ciki, ya ce, “Ku kuma ga kogin ku nan, Allah ya sa albarka.”

Ziblim ba ya bari ta wuce. “To Malam Issifu, mu dai namu muna ganin shi. Naka garin yana ina? Ka hau da ni mota mu je mu sha koko a kasuwar.”

Nan ne Baba Issifu kan shiga gyara gishiri, domin garin yana ƙarƙashin ruwa. Yana ɗan saurayi aka datse kogin a Akosombo, ruwa ya taru ya zama tafki, ya yi ta hawa sannu a hankali har ya shanye kasuwa da masallaci da zauren mahaifinsa. An gina wa mutane sabon gari a kan tudu. Wasu suka zauna, wasu suka watse, shi ya gangaro Accra ya yi dako a kasuwa kafin ya samu tebur.

An kwashe tukwane da awaki da ƙyauren ɗaki, amma ba a kwashe maƙabarta ba. Mahaifiyarsa Mas'uda ta rasu a ranin ƙarshe kafin tashin. Ranar da aka binne ta, wani dattijo ya miƙa masa butarta ya ce ya ɗebo ruwa a kogi ya yayyafa, shi ne ɗanta. Wannan ne yayyafinsa na farko, kuma butar ce har yau. Kabarin yana gindin wani ƙaton rimi. Yakan mai da abin raha, ya ce, “Ni buta ɗaya na zuba mata, gwamnati ta ƙara mata teku.” Mutane su yi dariya, shi ma ya yi. Amma wanda ya zauna da shi ya san abin yana cinsa. Ya yayyafa wa iyayen mutane ruwa ba adadi, kabarin uwarsa kuwa bai sake tsayawa a kansa ba ko sau ɗaya.

Abin da ya riƙe shi tsawon shekaru shi ne rimin. Masu zuwa daga Krachi da kifi sukan ce masa kan bishiyar yana nan tsaye a saman ruwa, ya bushe fari fat, tsuntsaye na sauka a kai. Sai ya ce alhamdu lillahi, baɗi zai je. Baɗin nan ta yi ta zuwa tana wucewa. Da ƙuruciya babu hali, da hali ya samu ga iyali, da iyali suka girma kuma, in za a faɗi gaskiya, tsoro ne. Kete da ke bakinsa tana nan da jiragenta da hayaniyarta, bai shirya ganin wadda ta rage ba.

Da idonsa ya fara hazo, gwiwa ta fara gardama, sai ya daina cewa baɗi. Wata rana bayan la'asar ya kira 'yarsa Husseina, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, wadda ita ce ke kula da shi tun rasuwar matarsa.

“Husseina, ina so in ga rimin nan tun ina iya bambanta itace da mutum.”

Ta dube shi, ta ga ba raha yake ba. “Yoo, Baba. Bayan Salla za mu tafi.”

Da asuba suka fita tasha. Kafin su bar gida ya tsaya a famfon tsakar gida ya cika butar fal, ya toshe bakinta da tsumma. Bai yi shawara da kansa ba. Maƙabarta za shi, kuma bai taɓa zuwa maƙabarta da buta ba ruwa ba. A mota ya ɗora ta a cinya, duk ramin da aka faɗa sai ya rungume ta. Husseina ta yi ta kallonsa, sai da suka iso Dambai, inda babban jirgin fito ke ɗaukar motoci ya tsallaka da su, ruwa ya buɗe gabansu iya ganin ido, sannan ta kasa haƙuri.

“Baba, kai kaɗai ne a Ghana za ka ɗauko ruwan famfo daga Maamobi ka kawo ma Volta. Ruwa ya yi musu kaɗan ne?”

Ya dubi butar, ya dubi tafkin. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ya yi dariya har da tari, amma bai zubar ba.

Sabon garin bai ce masa komai ba. Tituna ne da shaguna da babura, kamar kowane gari. Waɗanda ya sani duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu suka karɓe su da mutunci, suka haɗa su da wani mai jirgi, Abubakari, magidanci mai yawan shiru da aka haifa bayan tashin. Washegari da hantsi ya ɗauke su a jirginsa mai inji.

Baba Issifu ya zauna a gaba yana ba da hanya. A bar ginin Jamusawa ta nan, a miƙe, masallaci zai zo ta dama, daga nan a gangara. Abubakari ya bi maganarsa don girmamawa, ko da yake ba dama ba hagu a kan ruwa. Suka shiga wani wuri da kututturan bishiyoyi suka leƙo, baƙaƙe, guntaye, duk kamarsu ɗaya. Ya rage inji yana kauce musu.

“Ina rimin?” in ji Baba Issifu.

“Wane rimi, Baba?”

“Babban nan, na maƙabarta. Fari. Tsuntsaye na sauka a kai.”

Abubakari ya kashe injin. Ya ce, “Baba, kafra, ka yi haƙuri. Ina yaro na san shi. Ya faɗi tun tuni, iska ya karya shi. Ko gindin ba a gani koraa, ko kaɗan.”

“Amma ka san wurin.”

“Wallahi ba zan yi ma ƙarya ba. Tsohon gari yana ƙarƙashin mu, wannan na sani. Amma in ce ma nan ne kabari, ban iya ba. Zai yi nan, zai yi can gaba.”

Ashe masu kifin nan sun daɗe suna faɗa masa abin da yake son ji. Ba mugunta ba ce, tausayi ne, amma ranar nan tausayin ya yi masa nauyi. Ya dubi gabas ya dubi yamma, ruwa ne kawai yana ƙyalli, jirgi na lilo a hankali. Tsohon da bakinsa bai taɓa mutuwa a kan Kete ba, ga shi a tsakiyar Kete ya kasa nuna ko zauren mahaifinsa. Husseina ta juya kai tana share ido da gefen mayafi.

Can Baba Issifu ya ɗaga hannu ya yi wa Mas'uda addu'a, ya haɗa da duk wanda ke kwance a wurin, masu jirgi da fatake da baƙin da ba a san garinsu ba. Su biyun suka shafa tare da shi. Sannan ya zare tsumman, ya karkata butar a gefen jirgi, ya fara yayyafawa yadda ya saba, daga kai zuwa ƙafa, a hankali. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Da ruwan ya ƙare bai janye hannunsa ba. Ya tsaya yana kallon butar. Sai ya nutsa ta cikin tafkin, tana ɓulɓul har ta cika, ya ɗago ta ya mayar da tsumman.

“Baba, wannan kuma na mene?” in ji Husseina.

“Wannan ruwan shekara nawa yana kwance a kanta. Ni ba za a kawo ni nan ba, na sani. In na mutu, ai dole a yayyafa mini ruwa. To a yayyafa wannan.”

“Baba, kar ka yi irin wannan magana.”

“Ba wani sirri ba ne a ciki, 'yar nan. Ruwa ne kawai, amma na gida.”

Da suka dawo Maamobi ya liƙe murfin da bakin butar da kakin zuma, ya tura ta ƙarƙashin gado. Jana'iza bai fasa zuwa ba, sai dai da butar roba ta masallaci. Mutane suka yi ta tambaya ina baƙar butar, ya ce ta yi ritaya. A kasuwa Ziblim ya tare shi da tsokanar da ya saba.

“To, ka ga garin naka?”

“Na gan shi.”

“Yaya yake?”

“Yana nan lafiya. Ya fi Nima tsabta.”

Ziblim ya buɗe baki zai rama, sai ya ga fuskar abokinsa, ya koma kan albasarsa. Daga ranar bai sake cewa a hau da shi mota ba. Baba Issifu ya ci gaba da ba masu saye labarin jiragen gishiri da duwatsun kogi, sai dai rimi ya fita daga labarin.

Damina ta zagayo ya kwanta, ciwon bai yi tsawo ba. Ya cika da safe, aka yi masa sutura kafin azahar. Jama'a ta taru har titi ya toshe, domin da wuya a sami gida a unguwar da bai taɓa raka musu gawa ba. Da za a ɗaga makara, Husseina ta fito daga cikin mata da baƙar butar, ta ratsa har wurin Ziblim.

“Baba Ziblim, ya ce kai za ka zuba.”

A maƙabarta aka mayar da ƙasa, aka tada kabari. Mutane suka dare kamar yadda suka saba, sai kowa ya tuna wanda ake dare wa shi ne a kwance. Ziblim ya matso, ya ɓamɓare kakin da farce. Ruwan ya ɗan ragu, ya yi warin ƙarfe, amma ya isa. Ya fara daga kai, yana bi a hankali kamar yadda ya sha gani, jar ƙasar Accra tana shanyewa.

Da ya kai ƙafa ya girgiza butar, ɗigon ƙarshe ya sauka. Ya sunkuya kusa da kabarin, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, “Malam Issifu, na ga garin naka.”