Ɗan Majalisar Da Ya Ƙi Zama

Kullum da safe yakan riga kowa shiga zauren majalisa. Ya gaisa da masu shara, ya ɗora takardunsa a kan kujerarsa, shi kuma ya tsaya a bayanta. Haka zai wuni. Shi ya sa ake ce masa Baba Tsaye.

Ƙanwarsa ce silar abin. A wani babban kanti take aiki. Wata rana ya leƙa ta, ya tarar ƙafafunta sun kumbura, ga tsohon ciki.

"Ki zauna mana," in ji shi.

"A kan me, Yaya? Mai kanti ya ce duk wadda ta zauna ta kama hanyar gida."

Sai ya kawo ƙuduri: duk ma'aikacin da ke wuni a tsaye a ba shi abin zama. 'Yan majalisa suka yi dariya, suka watsar. Nan take ya ce shi ma ya daina zama a zauren sai dokar ta tabbata.

Mu 'yan jarida mun ɗauka zafin kai ne na kwana biyu. Ashe ba mu san shi ba! Zaɓe ya zo ya wuce, ya sake zagayowa, gemu ya yi fari. Shugaban majalisa ya sha roƙonsa: "Don girman Allah ka zauna, wuyana ya gaji!" Matarsa kuwa cewa take ita ya kamata a yaba wa, tunda ita ke gasa masa gwiwar.

Baba, kai ne bana ka shigo zaure da sanda, likita ya hana ka tsayuwa, wa'adinka na ƙarshe yana ƙarewa, amma ka sake kawo ƙudurin. Ina wurin abokan hamayyarka suka riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya don mara maka baya, har dokar ta wuce. Wallahi sai da na yi hawaye.

Mun gode, namijin duniya. Masu shigowa majalisa, ga wanda za ku yi koyi da shi.

Ranar ban kwana ƙanwar ta zo da abokan aikinta, ɗauke da kujerar roba daga kanti. Ya fara cewa ai ya saba, ba komai. Ta dafa kafaɗarsa.

"Yaya, zauna. Doka ce."

Ya zauna.