Baba Rabe Mai Sassaƙa Samfuri

A shekarar 1976 ina aikin zane a wani ofishin gwamnati a Kaduna, shekarata ashirin da shida. Sunana Maliki. Aikina in zauna gaban babban allo da fensir da kamfas da rula, in zana ƙarfen inji ta fuska uku, ta gaba da ta sama da ta gefe, in rubuta awon kowane ɓangare yadda wanda bai taɓa ganin abin ba zai iya ƙera shi. Na iya aikin, kuma na san na iya. A wannan shekarar na haɗu da Baba Rabe.

Mutumin wajen Kankiya ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ya ba sittin baya. Ubansa masassaƙin turmi da akushi ne. Yana saurayi ya zo Kaduna, ya samu aiki a wata ma'aikatar zubin ƙarfe a tsallaken kogi, inda wani tsoho ɗan Kudu ya lura da hannunsa ya koya masa sassaƙa samfuri. Samfuri shi ne siffar abin da za a zuba, a sassaƙe da katako. A danna shi cikin yashi mai laima, a zare, sai a kwarara narkakken ƙarfe cikin gurbin da ya bari. Shekara ashirin da biyu ya yi a can. Da ya bar aikin sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa a Badarawa, yana yin kujeru da tagogi, samfuri kuwa sai idan an nema. Bai yi boko ba. Awonsa duk na inci ne.

Kawuna Garba yana da lambu a Rigachikun. Shi da manoma bakwai suna amfani da injin ban ruwa guda. A tsakiyar rani murfin famfon ya tsage gida huɗu. Suka zagaya shagunan Kaduna, ba a samu irinsa ba, aka ce sai an yi oda daga waje, wata uku ko huɗu. Tumatir kuwa ya fara fure. Kawu ya zo gidana da gutsattsarin a cikin buhu, ya zube su a gabana.

"Kai ne ɗan bokonmu," in ji shi. "Ga shi nan."

Kwana biyu na yi ina haɗa gutsattsarin ina aunawa. Na zana murfin da wuyansa inda ruwa ke shiga, da kunnuwansa huɗu inda ake ɗaura noti. Ban taɓa yin zane mai tsafta irin wannan ba. Wani maƙeri mai suna Ila, mai zuba tukwanen alminiyon, ya ce zai zuba mini in na kawo samfuri, kuma shi ya kwatanta mini rumfar Baba Rabe.

Na same shi yana feƙe ƙafar kujera. Muka gaisa, na shimfiɗa takardar a kan bencinsa. Ya daɗe yana kallo, yana bin layukan da ɗan yatsa, sannan ya ɗauki gutsattsarin yana juyawa.

"Hannunka na da kyau, ɗana," ya ce. "Karanta mini lambobin, ka maishe su inci."

Ina karantawa yana sa alama a kan guntun katakon maɗaci da wata tsohuwar rula ta katako. Ina kallo sai na ga alamarsa ta ɗan zarce inda ya kamata. Na ciro rulata ta ƙarfe na kara da tasa. Tasa ta fi tawa tsawo, kaɗan dai, amma a fili.

"Baba, rular nan taka ba daidai take ba."

"Daidai take da aikinta. Ƙarfe in ya huce tsukewa yake. Dole samfuri ya ɗara abin da ake so."

Na taɓa jin maganar a makaranta, amma a sama-sama, ban taɓa tsayawa gaban wuta ba. Abin da na gani kawai shi ne tsoho da tsohuwar rula zai ɓata mini awon da na kwana biyu a kai. Na ce, cikin ladabi dai amma da ƙarfi, a bi zanen kamar yadda yake, da rulata. Ya dube ni, ya dubi takardar.

"To, Malam Maliki. Bar mini rular taka, ka dawo jibi."

Bayan kwana biyu na dawo na tarar da samfurin, sumul, an shafe shi da fenti. Na auna ko'ina, bai kauce wa zanena ba ko da ƙwayar gero. Na kai wa Ila. Ya narka tsofaffin fistin na mota ya zuba. Ranar Asabar da hantsi na ɗauko Baba Rabe a bayan babur ɗina muka nufi Rigachikun, murfin ɗaure a gabana, shi kuma rungume da jakarsa ta kayan aiki, wadda na ji ta yi nauyi amma ban tambaya ba.

Manoman duk suna bakin rafi suna jira. Kawu Garba har ya riga ya gaya musu cewa ɗan ƙanwarsa ya ƙera abin da masu shaguna suka ce sai an jira wata huɗu daga waje. Na durƙusa na ɗora murfin a bakin famfon. Noti na farko ya shiga. Na biyu ya shiga da ƙyar. Sauran biyun kuwa ramukan ba su ko kalli juna ba, murfin kuma bai rufe bakin ba, ana hango haske ta gefe. Na juya shi, na sake juyawa. Gumi ya keto mini. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya juya yana kallon tumatirinsa.

Sai na ji Baba Rabe yana kwance jakarsa.

"Wannan na gwaji ne," ya ce wa mutanen. "Dama biyu muka yi, ni da Malam Maliki. Ɗana, jarraba wannan."

Ya miƙo mini wani murfin a nannaɗe cikin tsumma. Na ɗora. Ya zauna daram. Notin huɗu suka shige kamar an shafa musu mai. Aka ja igiyar inji, ya yi tari sau biyu ya kama, can sai ruwa ya tunkuɗo ta bakin tiyo ya bi kwalbati. Kawu ya yi kabbara, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, Baba Rabe ya taka mini ƙafa.

A hanyar dawowa, da muka wuce Kawo, na tsayar da babur a gindin wata bishiyar mangwaro, don na kasa ci gaba da tuƙi da abin a raina.

"Baba, ka san ba zai shiga ba. Me ya sa ka yi mini shi?"

"Da na ƙi, da har gobe kana cewa tsoho ya yi taurin kai. Yanzu ka gani da idonka. Amma gonar mutane ba wurin koyon karatu ba ce, shi ya sa na sassaƙa na biyu da rulata na kai wa Ila da kaina."

"To me ya sa ka ce tare muka yi?"

"Ba zanenka na bi ba? Ni da zan auna gutsattsarin nan, wuyan ba zai fito haka ba. Kai ka san takarda, ni na san wuta. Tada babur mu tafi, matata Delu ta dama fura."

Washegari na koma Rigachikun na gaya wa Kawu yadda aka yi. Ya yi dariya har da hawaye. Da tumatir ya nuna, manoman suka aika wa Baba Rabe kwando biyu, matarsa Inna Delu ta raba wa rabin layinsu.

Daga nan kowace Asabar ina rumfarsa. Ya nuna mini yadda ake ɗan karkata gefen samfuri don ya zaru daga yashi ba tare da ya rusa gurbin ba, da dalilin da kusurwa mai kaifi ke tsagewa, da inda ake barin nama, wato ɗan ƙarin kauri, don mai injin feƙe ƙarfe ya samu abin ci. Ni kuma ya sa na koya masa milimita. Yakan rubuta lambobin da alli a jikin ƙyaurensa yana bita kamar mai tilawa, in ya yi kuskure ya ce boko ce ba ta da kunya. A ofis aka fara lura cewa zanena ba ya dawowa daga maƙera da ƙorafi. Da aka ɗaga ni zuwa shugaban ɗakin zane a 1978, shi na fara zuwa na gaya wa, tun kafin iyayena. Ya ajiye gizagonsa, ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a mai tsawo.

A 1979 gwiwoyinsa suka matsa masa, 'ya'yansa suka ce ya koma gida ya huta. Ni na kai shi da Inna Delu tashar Kawo. Na shirya maganganun godiya da yawa, amma da muka tsaya bakin mota ban iya cewa komai ba sai, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ya ce amin, ya ce in riƙa zuwa gaban wuta ko sau ɗaya a wata, kada in zama mai zanen da bai san zafi ba.

Bai huta ba. Bayan wata biyar aka kawo mini wasiƙa daga Kankiya, wani malamin makaranta ya rubuta masa. Wai injin niƙan garinsu ya karya wani ƙarfe, ga awonsa nan a milimita, in zana in aiko da sauri, mata sun koma daka a turmi. A ranar na zana. Da safe na kai tasha na ba direban motar Katsina, na haɗa wa Baba Rabe da goro da ganyen shayi. Allah ya jiƙan Baba Rabe, ya sa aljanna ce makomarsa.